Kwana Goma Sha Ɗaya a Ramin Shaho

Abubuwa da yawa sun shige mini a rayuwa, wasu ma sai 'ya'yana sun tuna mini sannan in ce, "Af, haka fa aka yi." Amma kwana goma sha ɗayan da na yi a cikin wani rami a bakin teku, kudu da Jidda, ina dakon shaho, su kam ba za su taɓa fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina.

Lokacin ina da shekara ashirin da bakwai. Ina aikin malanta a tashar jiragen ruwa ta Jidda, ina cike wa baƙi takardun sauka, in kuma jirgin alhazai ya zo da mutanenmu, ni ne tafinta. Iyayena Hausawan Sudan ne, a can aka haife ni, aka ƙetaro da ni teku ina goye. Muna zaune a Bani Malik tun unguwar ba ta cika ba, lokacin da ruwan sha ma a kan jaki ake kawo mana shi. Ba ni da wani abin shaƙatawa sai karatu. Akwai wani tsoho a unguwar Bagdadiyya da yake baza tsofaffin littattafai a kan tabarma a gindin wani bango, to duk ranar Alhamis in na taso aiki sai na biya ta wurinsa. Duk abin da na samu karantawa nake yi, tarihi ne, labarin tafiye-tafiye ne, har wani littafin kiwon zuma na taɓa karancewa, alhali ban taɓa ganin amya da idona ba.

Mahaifiyata ta rasu ina da shekara goma sha biyar. Yayanta, wato Kawu, shi ne babba a gidanmu, kuma shi ne surukina, don 'yarsa nake aure. Dogon mutum ne, mai ƙarancin magana. Sana'arsa sayar da awaki, amma duk shekara, da zarar zafi ya fara karyewa, sai ya bar awakin a hannun maƙwabci ya nufi kudu kamun shaho, don a wannan lokacin ne tsuntsayen suke bin gaɓar teku suna wucewa. Shekara ashirin da biyar yana wannan, kuma a duk yankin shi kaɗai ne Bahaushen da yake da raminsa na kansa a tsakiyar Larabawan daji, waɗanda ake kira Badu. Da wannan yake taƙama, ko da yake ba ya faɗa.

Ni da Kawu ba ma faɗa, amma kuma ba ma hira. Afandi yake kirana, sunan da ake kiran ma'aikatan ofis da shi, sai dai a bakinsa ba yabo ba ne. Na san don albarkacin ƙanwarsa ya ba ni 'yarsa, ba don ya ga wani namiji a jikina ba. Ni ma, in zan faɗi gaskiya, kallon mutumin da bai san komai ba sai akuya da tsuntsu nake yi masa. Allah ya yafe mini.

A shekarar da nake ba ku labari, ciwon yanar ido ya kama Kawu. Yana ganin haske da inuwa, yana gane mutum in ya matso kusa, amma tsuntsu a sama kam sai dai a ba shi labari. Al'adar wurin kuwa ita ce, ramin da ya yi kaka guda babu mai shi a ciki, ya zama na wanda ya riga shiga. 'Ya'yansa maza biyu duk direbobi ne, ɗaya a Riyad, ɗaya a Madina, kowa ya aiko da uzuri.

Wata rana na dawo daga aiki na tarar da mai ɗakina ta dawo daga gidansu, idonta ya yi ja. Ita haihuwar Jidda ce, in ranta ya ɓaci Hausarta da Larabci haɗuwa suke yi.

Ta ce, "Wallahi Baba ya ba ni tausayi. Ya fito da ragarsa ya shimfiɗa a tsakar gida, yana lalube yana ɗinke inda ta yage. Na ce, 'Ya Baba, lesh, don me? Wa zai kai ka?' Kwana uku ke nan abinci sai dai ya taɓa ya ture."

Ba ta roƙe ni komai ba, ta dai ajiye mini abinci ta shige ɗaki. Washegari na nemi hutun mako biyu a wurin aiki, da yake ba lokacin alhazai ba ne aka ba ni babu gardama. Da la'asar na je na durƙusa a gaban Kawu na ce ni zan raka shi, in zauna masa a ramin.

Ya juyo da fuskarsa wajena ya ce, "Kai, Afandi? Can fa babu kujera, babu fanka."

Na ce, "Na sani, Kawu."

Ya ce, "Ba ka sani ba. Amma yalla, je ka shirya."

A bayan wata babbar mota mai zuwa garin Lis muka tafi, a kan buhunan gari. Wuni guda muna shan girgiza kafin aka sauke mu a wani fili fetal, ƙasa mai gishiri, sai gajerun itatuwan ƙaya nan da can, teku kuma can yamma kamar an ja layi da shuni. Muka sauka a tantin wani dattijon Badu, shugaban mutanen wurin, wanda shi ne tun farko ya koya wa Kawu wannan sana'a. Suka rungume juna kamar 'yan uwa. Dattijon yana da wani ɗa, magidanci mai kaurin gashin baki, wanda tun gaisuwar farko na lura yana duban idon Kawu, yana duban hannuwana masu laushi, yana murmushi. Daga baya na ji cewa ya daɗe yana son ramin Kawu, don yana kan wani ɗan tudu inda tsuntsaye suka fi bi.

Bari in kwatanta muku ramin, don wanda bai gani ba. Zurfinsa ya kai ƙirjin mutum, faɗinsa kuwa daidai mutum ya zauna ya ɗan miƙe ƙafa. An rufe samansa da itace da rassa, an watsa ƙasa, har in ka tsaya nesa sai ka ɗauka wani ɗan kurmi ne. Ta gaba akwai tsaga kamar faɗin yatsu uku, ta nan ake leƙe. Taku arba'in daga nan an kafa raga, an kwantar da ita an rufe da yashi, da igiyarta har cikin ramin. A gaban ragar akwai turke mai zoben ƙarfe, wani dogon zare ya ratsa ta cikin zoben, bakinsa ɗaya a hannunka, ɗayan a ƙafar tattabara da aka ɓoye a wani ɗan akurki. Gefe guda kuma an ɗaure hankaka a kan sanda, shi ne mai gadi, don yana hango shaho tun idon mutum bai gan shi ba, sai ya canja kuka. Da ka ji haka sai ka ja zaren ƙofar akurkin, ka buɗe wa tattabara ta tashi. In shaho ya buge ta ya sauka da ita yana fige ta, sai ka riƙa jan zaren kaɗan-kaɗan, kana janyo su tare har bakin turken, sannan ka fizgi igiyar raga ta kife a kansa.

A baki abu ne mai sauƙi. Kawu ya sa na gwada sau ya fi ashirin da tsumma a madadin tsuntsu, sannan ya ba ni doka uku: kada in yi tari, kada in leƙo kai waje, kada in yi barci. Ana idar da sallar asuba zan shiga, sai azahar in fito, in koma bayan la'asar har rana ta yi ja. Shi kuma yana tanti yana jira.

Ranar farko na ga kamar zan iya. Rana ta biyu na gane abin da Kawu yake nufi da ya ce ban sani ba. Babu abin da yake motsi a wannan fili sai ƙuda. Na ƙirga rassan rufin, na sake ƙirgawa, na yi tasbihi har yatsuna suka gaji, na duba inuwa na ga ko hantsi bai yi ba. Ƙafafuna suka yi tsami, raina ya yi ta raya mini in fito in ɗan miƙe.

To, ashe ban gaya muku ba, na ɓoye littattafai uku a ƙasan jakata, ƙarƙashin tufafi. A rana ta uku na soke ɗaya a cikin riga na shiga da shi. Na naɗe bangonsa da takardar buhun siminti don kada farinsa ya yi walƙiya, na sami wani ɗan haske da yake saukowa ta tsakanin rassa, na buɗe. Jama'a, sai ga azahar ta yi ban san ta yi ba. Ban yi tari ba, ban motsa ba, barci bai zo kusa da ni ba. Na ce a raina, ashe maganin abin a hannuna yake. Ina karanta shafi ɗaya, in ɗaga kai in leƙa, in koma. Da tafiya ta yi tafiya sai ya zama shafi biyu, sai uku, sai na daina ƙirgawa.

A rana ta biyar abin ya faru. Na yi nisa a cikin labari, ina jin kukan hankaka kamar daga wata duniya, ban san tsawon lokacin da ya ɗauka yana yi ba. Da na farga na leƙa, sai ga shaho yana shawagi ƙasa-ƙasa, har ya fara juyawa zai wuce. Na buɗe wa tattabara a gigice. Ya dawo kuwa, ya buge ta, suka faɗo tare. Maimakon in bar shi ya natsu ya fara ci, sai na fizgi zaren da ƙarfi kamar mai jan guga. Ya saki tattabarar, ya yi sama, ya tafi abinsa. Na bi shi da kallo ta tsagar har ya zama ɗigo.

Na yi niyyar in yi shiru da maganar. Amma ɗan dattijon nan yana nasa ramin can nesa, ya ga komai. Da magariba muna zaune ana zuba gahawa, sai ya ce da babbar murya, yana dariya, "Yau baƙo ya zo ramin Takruni ya yi sallama har sau uku, mai gida bai amsa ba. Da ya tashi amsawa kuma sai ya kore shi da sanda." Takruni shi ne sunan da suke kiran mutanenmu da shi. Mutane suka yi dariya, dattijon ya tsawata masa, amma magana ta riga ta fita.

Da aka watse, ni da Kawu muka koma inda muke kwana. Ya ce in miƙo masa jakata. Ya zura hannu ya lalubo littattafai biyu, ya miƙo hannu na zaro na ukun daga riga na ba shi.

Ya ce, "Ba shahon nake ji ba, Afandi, shaho na Allah ne. Shekara ashirin da biyar ban taɓa sunkuyar da kai a gaban mutanen nan ba sai yau."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Na yi kuskure, Kawu. Ka yafe mini."

Ya ce, "In kana so ka koma Jidda, mota tana wucewa jibi."

Na ce ba zan koma ba. Ban san daga ina wannan taurin kai ya zo mini ba, amma na ji in na hau motar nan, har abada ba zan iya haɗa ido da mai ɗakina ba.

Rana ta shida na shiga babu littafi, kuma ita ce rana mafi muni. Tunani ya dame ni, na yi ta mutsu-mutsu, wajen hantsi kuma gyangyaɗi ya sace ni har goshina ya bugi bangon ramin. Da na fito Kawu ya tambaye ni, ban ɓoye masa ba. Ya yi ƙwafa kawai.

Washegari da asuba na ɗauki salkar ruwa zan tafi, sai na ji ya ce, "Tsaya, kama hannuna." Tare muka shiga ramin. Wurin da aka yi don mutum ɗaya, ga mu mu biyu, gwiwa na gugar gwiwa, ina jin numfashinsa a kafaɗata. Muka zauna har rana ta ɗaga sosai. Can sai na ji yana laluben aljihun rigarsa. Ya zaro littafi ya ɗora mini a cinya, wanda na naɗe da takardar siminti.

Ya ce a hankali, "Wannan ne ya ci mini shaho?"

Na ce, "Shi ne."

"To karanta in ji abin da ya fi shaho daɗi. Ƙasa-ƙasa. Kunnena yana kan hankaka, in na matsa maka gwiwa ka rufe baki ka leƙa."

Littafin na wani malamin makaranta ne Bamisire da ya ratsa ƙasar Sudan tun zamanin da, daga yamma har bakin kogin Nilu, ya rubuta abin da ya gani a hanya. Larabcin littafi ya yi wa Kawu nauyi, don haka sai in karanta a zuci in mayar masa da Hausa cikin raɗa. Da farko bai nuna yana ji ba. Sai da na zo inda marubucin yake cewa ya haɗu da ayarin mutanen yamma masu tafiya Makka a ƙasa, ya ambaci wata rijiya da ya ce tana gabas da wani dutse.

Kawu ya ce, "Ƙarya yake."

Na ce, "Na'am?"

"Yamma da dutsen take. Kuma ruwanta ɗaci gare shi. Shi a kan raƙumi ya wuce, bawansa ne ya ɗebo masa. Ci gaba."

Na ci gaba, amma ban yi shafi guda ba ya sake tsayar da ni. Wannan gari ba kwana uku ba ne tsakaninsa da wancan, kwana biyar ne ga mai tafiya da yara. Wancan itace da ya ce ba a cin 'ya'yansa, su sun ci, har sun yi guzuri da shi. Na ce, "Kawu, ashe ka bi hanyar nan?" Na san dai an ce kakanninmu daga ƙasar Hausa suka taso, amma ban taɓa tambayar yadda aka yi ba.

Ya ce, "Ina da shekara goma sha biyu. Uwarka tana da huɗu. A bakin rijiyar nan da mutuminka ya sa a gabas muka binne mahaifinmu. Daga nan har kogi a wuyana ta zo, don tsohuwarmu tana ɗauke da kaya. In ta yi kukan ƙishirwa sai in sa mata tsakuwa mai sanyi a baki in ce alewa ce, ta tsotsa. Har ta girma ta yi aure, in ta ga na yi fushi sai ta ce, 'Yaya, a kawo maka alewa?' Shi ke nan sai in yi dariya."

Shekara goma sha biyu da rasuwar mahaifiyata, ban taɓa jin wannan labari ba. Na kasa ci gaba da karatu. Kawu ya bar ni na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To, ina muka tsaya? Mu ji wace ƙaryar kuma zai yi."

Haka muka yi kwana huɗu. Ni ina karatu, shi yana gyara wa marubuci hanya, wani lokaci kuma ya gyaɗa kai ya ce, "Nan kam ya faɗi gaskiya." Akwai wuraren da littafin ya gaya masa abin da bai sani ba, kamar dalilin da ya sa aka hana ayarinsu shiga wani gari, ashe annoba ce ake yi a ciki. Ya ce, "Ikon Allah. Mu kuwa muka yi ta tsine musu." Sau biyu ya matsa mini gwiwa. Na farko shirwa ce, na biyu wani ɗan ƙaramin shaho da ya ce bai kai a ɓata tattabara a kansa ba. Abin mamaki, duk da yana tsakiyar gardama, kunnensa bai taɓa barin hankakan nan ba. Kukan yunwa daban, kukan ganin ɗan uwa daban, kukan tsoro daban, duk ya koya mini.

Rana ta goma sha ɗaya ita ce ta ƙarshe, don washegari dole in kama hanya in koma aiki. Dukanmu mun san abin da hakan yake nufi, amma babu wanda ya ɗaga maganar. Iska tana busowa daga teku, da ɗan sanyi. Ina cikin karanta masa yadda ake ƙetare kogi a kwalekwale, sai na ji yatsunsa sun nutse a gwiwata, da ƙarfin da bai taɓa yi ba. Hankaka ya yi wani irin kuka gajere, sannan ya lafe a kan sandarsa.

Na leƙa. Da farko ban ga komai ba. Sai can sama na hango shi, ya fi na ranar nan girma nesa ba kusa ba.

Na ce, "Ga shi, Kawu. Babba ne."

Ya ce, "Ina ya dosa?"

"Yana zagayowa ta kanmu."

Ya jira kamar numfashi uku, sannan ya ja zaren akurki. Tattabara ta tashi. Ban ga saukowarsa ba, ƙara kawai na ji kamar an yaga sabon yadi, sai gashin tattabara yana yawo a iska, shi kuma yana ƙasa a kanta ya baza fukafukai. Hannuna ya kai kan zare da kansa, Kawu ya danne shi. Muka jira har ya natsu, ya juya fuska ga iska ya ba mu baya, ya fara fige ta.

Kawu ya fara ja. Yana ja yana tambayata, "Saura nawa?" Ina ce masa saura kamu goma, saura takwas. Sai na ga zaren yana rawa. Na duba, hannun Kawu ne yake karkarwa, yatsunsa sun ƙage saboda zaman wuri ɗaya. Shahon ya ɗaga kai.

Kawu ya kamo hannuna ya sa mini zaren a ciki. Ya kawo bakinsa kunnena ya ce, "Ja shi yadda kake juya takardar nan. Kwana huɗu ban ji ƙararta ba ko sau ɗaya."

Na fara ja, kaɗan, in tsaya, in bar shi ya ci, in ƙara. Saura kamu huɗu sai iska ta juya. Tsuntsun ya juyo gaba ɗaya ya fuskanci ramin, idonsa cikin tsagar da nake leƙe. Na daskare. Ƙuda ya sauka a gefen idona yana yawo, gumi yana gangarowa cikin bakina, wata tururuwa ta sami bayan gwiwata ta yi ta cizo. Ban san tsawon lokacin ba, amma ya isa a karanta shafi biyar. Ko ƙiftawa ban yi da ƙarfi ba. Kawu ma kamar ba ya numfashi.

Iskar teku ta dawo. Ya juya baya, ya sunkuya kan abincinsa. Kamu uku, biyu, ɗaya, sai na ji zaren ya tsaya cak, ƙafar tattabara ta kai zobe.

Na ce, "Ya kai."

Kawu ya ce, "Bismillah. Raga!"

Na fizgi igiyar da hannu biyu. Yashi ya tashi, raga ta kife. Na ture rufin ramin na fita da gudu, babu takalmi, ƙaya tana suka ban ji ba. Da na isa na tarar fiffikensa ɗaya ya fito ta gefe, yana ƙoƙarin zamewa. Na cire rawanina na rufa masa, na danna da hannu. Nan ya sami hannun haguna ya kafa mini farata har suka nutse. Na ji zafin har cikin kaina, amma na rantse ko hannun zai cire ba zan saki ba.

Ina jin Kawu daga baya ya rarrafo waje yana kira, "Ya shiga? Ya shiga?"

Na ce, "Ya shiga, Kawu! Yana hannuna!"

Ya biyo igiyar raga da hannu har ya iso. Ya durƙusa, ya ɓamɓare faratan daga hannuna ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe tsuntsun a ƙyalle, ya sa masa 'yar hular fata da take rufe ido. Sannan ya shafa ƙirjinsa, ya auna faɗin kafaɗa da tafin hannu, ya bi gashin wutsiya da yatsa yana ƙirgawa.

Ya ce, "Mace ce, 'yar bana. Ko gashi ɗaya bai karye ba. Tun da nake zuwa wurin nan, sau biyu na taɓa kama irinta."

Ya yage bakin rigarsa ya ɗaure mini hannu da kansa.

Da muka doshi tanti, ni ina ɗauke da tsuntsuwar, Kawu yana dafe da kafaɗata, mutane suka fito. Dattijon ya miƙe tsaye, ya karɓe ta ya duba, ya yi ta faɗin masha Allah. Ya dubi Kawu ya ce, "Hannunka bai tsufa ba, ɗan uwana."

Kawu ya ce, "Ba hannuna ba ne. Ɗana ne ya ja ta, tun daga kamu takwas har zobe, kuma ta kalle shi ido cikin ido bai motsa ba." Ya faɗa da Larabci, da ƙarfi, yadda na bayan tanti ma zai ji.

Ɗan dattijon ya matso ya dubi tsuntsuwar, ya dubi jinin da ya jiƙe ƙyallen hannuna. Ba zan ci haƙƙinsa ba, namiji ne. Ya miƙo mini hannu ya ce, "Mabruk, barka da arziki. Na yi maka dariya, yau kai za ka yi mini." Shi da kansa ya zuba mini gahawa.

Kawu ya ce da ni da Hausa, "Kamunka ne. Me za a yi da ita?" Na ce in ya yarda, a bar wa dattijon, tunda shi ya buɗe wa gidanmu wannan ƙofa. Kawu ya yi murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba, ya ce, "Faɗa masa da bakinka." Na faɗa. Dattijon ya ƙi, muka nace, ya karɓa. Sannan ya ɗaga murya a gaban mutanensa ya ce ramin tudu na gidan Takruni ne, ko sun zo ko ba su zo ba, muddin yana raye.

Na karɓi takardun yabo a wurin aiki daga baya, na aurar da 'ya'ya, na ga jikoki, amma ban taɓa jin kaina ya kai inda ya kai a wannan yammaci ba.

Kaka tara na yi ina komawa wurin. Kawu ya raka ni sau biyu, daga nan ƙarfinsa ya ƙare, sai dai in na dawo in zauna in ba shi labari dalla-dalla, yana yi mini gyara. Ya rayu shekara shida bayan haka, kuma mafi yawan abin da na sani game da asalinmu, wanda nake gaya wa jikokina yau, a cikin shekarun nan shida na ji shi.

Abin da na koya shi ne, mutum biyu za su iya zama gida ɗaya shekara da shekaru, kowa yana raina abin da ɗan uwansa ya sani, don kawai ba su taɓa buƙatar juna a kan aiki ɗaya ba. Kuma wanda ya yi kuskure ya ji kunya, in ya daure ya tsaya a wurin da ya yi kuskuren, a nan Allah yake ba shi damar wanke kansa. Saboda haka nake gaya wa matasanmu, in kuna da tsoho a gida, kada ku tsaya a gaisuwar safe da ta yamma. Ku nemi aikin da zai zaunar da ku tare da shi, ko da wuri ne mai ƙunci, ku yi haƙuri har ya buɗe baki. Ranar da aka ɗauke shi zuwa maƙabarta, duk abin da ba ku tambaya ba tare da shi za a rufe.